Mukullin Farko: Wace Mota Ta Dace Da Sabon Direba?

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta samu gindin zama a gidajen masu hali na Abuja da Kano da Kaduna. Yaro ya gama sakandare, ko ya samu gurbi a jami'a, ko kuma kawai ya cika shekara 18, sai a kira shi harabar gida a nuna masa mota an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi, a danƙa masa mukulli, ƙanne na tsalle, wani na ɗaukar bidiyon da za a sa a Instagram. Babu laifi uba ya faranta ran ɗansa da abin da Allah ya hore masa. Inda gizo ke saƙar shi ne irin motar da ake zaɓa. Da wuya ka ga ƙaramar Corolla. Mercedes ce, ko BMW, ko Camry mai fulogi shida, wani sa'in ma irin motocin nan na Amurka masu gurnani, waɗanda ake jin tahowarsu tun daga layi na uku.

A irin waɗannan gidaje galibi hankalin uwa ne ke fara tashi. Bayan an watse sai ta samu maigidan ta ce, "Alhaji, anya motar nan ba ta yi wa yaron nan ƙarfi ba?" Shi kuma ya ce, "Haba Hajiya, yaron da ya iya mota tun yana aji uku? Ki dai bi shi da addu'a." Daga nan magana ta mutu, domin ita faɗuwar gaba kawai take ji, ba ta da hujjar da za ta ajiye a gabansa. Alhali hujjar na nan, kuma wata ma da alƙalami da takarda ake fitar da ita.

Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira ƙarfin doki. Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika titunan Arewa da ita, kuma da yawan iyayen yau a cikinta suka fara riƙe sitiyari, ƙarfinta bai wuce doki 100 ko kusa da haka ba. Corolla ta 2010 mai injin lita 1.8 tana da 132. Camry mai fulogi shida ta tsakanin 2007 da 2011 tana da 268. Dodge Charger samfurin Hellcat kuwa tana da 707. Dukkansu suna iya kai gudun kilomita 100 a awa. Sai dai Fijo kan ɗauki fiye da sakan 10 kafin ta kai, Camry ɗin nan kamar sakan 6 zuwa 7, Hellcat kuwa bai cika sakan 4 ba. Shi ya sa uban da ke cewa "ai ni ma ina da shekara 17 na fara tuƙi" yake kwatanta abubuwa biyu da sunansu kawai ya zo ɗaya.

Akwai kuma wani abu da tsohuwar mota ke yi wa direba wanda sabuwa ta daina. Idan ka matsa wa Fijo ta doshi 120, sai ta gaya maka. Inji ya ɗauki kuka, sitiyari ya fara rawa, iska na kaɗa kunne ta taga, ƙafarka ma da kanta take sassautawa. Motar zamani mai ƙarfi an ƙera ta ne don ta ɓoye gudu. An ɗaga gilashi, sanyi na busawa, kiɗa na tashi, kujera ta rungume ka, allura na kan 140 amma jikinka na jin kamar 80. Gogaggen direba yana da ɗabi'ar leƙa allurar gudu a kai a kai ba tare da ya yi tunani ba. Sabon direba bai kafa wannan ɗabi'ar ba tukuna, don haka da jin jikinsa yake auna gudu, jikin kuwa mota ta riga ta yaudare shi.

Ga lissafin da ɗan aji huɗu na sakandare zai iya yi. Motar da ke gudun 100 tana cin mita 28 a kowane sakan. Daga lokacin da ido ya hango haɗari zuwa lokacin da ƙafa ta bar totur ta sauka kan birki, akan ɗauki sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mu ɗauki ɗaya da rabi: mita 42 ke nan sun tafi, birki bai ko fara aiki ba. Sannan a kan busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau, motar na buƙatar kamar mita 55 kafin ta tsaya cik. Jimla kusan mita 97, ɗan ƙasa da tsawon filin ƙwallo. To a ɗaga gudun zuwa 140. Ƙarin kashi 40 cikin ɗari ne kawai, amma tazarar birki kusan ninkawa take yi ta kai mita 108, domin ƙarfin da ke tattare da abu mai gudu yana hauhawa ne gwargwadon gudun idan an ninka shi da kansa. A haɗa da mita 58 da aka ci kafin taka birki, ya zama 166. Yanzu a ce motocin biyu suna jere, saniya ta shigo titi, direbobin suka gan ta lokaci guda. A daidai inda mai gudun 100 ya tsaya, gaban motarsa na shafar gashin saniyar, mai 140 zai iso wurin yana gudun da ya haura 110, duk da cewa shi ma ƙafarsa na kan birki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita abin da cewa duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake rasa rai da kashi 4. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge, haɗarin mutuwarsa na ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. Rahotonta na 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, haɗarin mota ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29, nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan an kwatanta da yawan jama'a, kuma maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin mamatan.

Sai mu dawo kan "ya iya mota". Juya sitiyari, canza giya, shiga ƙofar gareji da baya ba a goga ba, duk wannan yaro mai kaifin basira zai iya cikin sati biyu, wataƙila ma ya fi ubansa iyawa. Babban ɓangaren tuƙi shi ne karanta hanya, shi kuwa sai da tsawon zama a kanta. Direban da ya shekara ashirin yana bin Zariya zuwa Kano, idan ya ga akuya a gefe ɗaya na titi 'ya'yanta a ɗaya gefen, tuni ya ɗaga ƙafa, don ya san ɗayansu zai tsallaka. Idan ya ga mai adaidaita sahu ya waiga gefen hanya, ya san fasinja ya hango kuma zai karya kai ba sigina. Idan ƙwallo ta gangaro titi, yaro ne ke biye da ita. Idan fitilar birkin mota ta uku a gabansa ta kama, ba ya jiran ta biyu. Sabon direba idonsa na kafe ne a 'yan mitocin da ke gaban motarsa, yana ganin abu bayan ya riga ya faru. Ba sakarci ba ne, rashin daɗewa ne. Shi ya sa binciken ƙasashe daban-daban ke cin karo da abu guda: watannin farko bayan an fara tuƙi ba mai sa ido su ne mafi haɗari a rayuwar direba. A Amurka, cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta gano cewa idan aka auna da tsawon tafiyar da aka yi, masu shekara 16 zuwa 19 na shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na masu shekara 20 zuwa sama. Kowane sabon direba zai yi kuskure, wannan ba makawa. Abin da mota mai ƙarfi ke yi shi ne rage masa lokacin gyara kuskuren, a daidai shekarun da kuskurensa ya fi yawa.

Ga kuma shekarun kansu. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako da danne zumuɗi, bai gama nuna ba sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke jin daɗin burgewa da yabo ya daɗe da farkawa. Laurence Steinberg na Jami'ar Temple da ke Amurka da abokan aikinsa sun gwada wannan da wasan tuƙi a kwamfuta. Idan matashi yana wasan shi kaɗai, kasadarsa ba ta yi nisa da ta babba ba. Da zarar ya san abokansa na kallo, sai kasadar ta tashi sosai, su kuwa manya kallon abokai bai cika canza su ba. A 2012 gidauniyar AAA mai binciken lafiyar hanya ta fitar da alƙaluma daga haɗurran gaske: direba mai shekara 16 ko 17, idan ya ɗauki fasinja ɗaya da bai kai 21 ba, haɗarin mutuwarsa na ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, da biyu ya ninka, da uku ko fiye ya ninka sau huɗu. Idan kuwa wanda ke gefensa ya kai shekara 35, haɗarin na raguwa da kashi 62. Wannan ya kamata ya tsaya wa duk uban da ke cewa ɗansa natsattse ne. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma natsattsen da yake gani shi ne wanda ke kai shi masallacin Juma'a yana gefe. Bai taɓa ganin wanda ke cikin motar ƙarfe 11 na dare ba, abokai uku a baya, ɗaya na cewa, "Kai malam, taka ta mu ji ko da gaske tana kai 200," wani kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar allurar. Wayar ma kanta: wanda ke gudun 120 ya sunkuya ya duba saƙo na sakan 3, ya ci mita 100 ido rufe.

Ƙasashen da suka daɗe da fama da wannan ba wa'azi kawai suka tsaya yi ba, sai suka mayar da lasisi hawa-hawa. New Zealand ce ta fara a 1987, jihar Florida ta bi sahu a 1996, daga baya sauran jihohin Amurka suka ɗauka: a fara da babba a gefe, sannan a bar ka kai kaɗai amma ban da dare kuma ban da cika mota da tsara, sai daga baya a sakar maka mara. A Faransa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sanin tsarinta, sabon direba na manna harafin A a bayan motarsa, yana farawa da maki 6 maimakon 12, kuma a babbar hanyar da kowa ke da izinin 130 shi 110 aka yarje masa. Wasu kuma kan injin suka je kai tsaye. A jihohin Victoria da New South Wales na Ostareliya an hana mai lasisin gwaji tuƙa motar da ƙarfinta ya wuce kilowat 130 ga kowane tan na nauyinta. Italiya, ƙasar Ferrari da Lamborghini, tun daga Disamban 2024 ta ƙayyade wa sabon direba shekara uku ba zai tuƙa motar da ta wuce kilowat 105 ba, wato kamar doki 143. Camry mai fulogi shida da muke ɗauka motar gida ce ta kusa ninka wannan iyaka.

Mu kuwa fa? Doka ta ce sai an cika 18, an bi ta makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, an ci gwaji, kafin a samu lasisi. Ta kuma sa wa ƙananan motoci iyakar gudu: 50 a cikin gari, 80 a hanyar da ta fita gari, 100 a babbar hanya mai tagwaye. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana iya ƙoƙarinta. Amma a kan titi babu wanda zai tsayar da yaro ya tambaye shi ƙarfin injinsa, ko watan da ya karɓi lasisi, ko dalilin da ya sa abokai huɗu ke cikin motarsa da tsakar dare. Kuma kowa ya san gidajen da lasisi ke zuwa cikin ambulan, yaro bai taɓa ganin ƙofar wurin gwaji ba. Saboda haka matakalar da gwamnatocin can suka gina da doka, a nan uba da uwa ne za su gina ta a cikin gida, in ba haka ba babu ita. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gidajen da ake hawan Sallah ba a ɗora yaro kan ingarman da ke haniniya yana tono ƙasa; akan fara shi da doki mai sanyin hali, ga wani babba riƙe da linzami, sai an ga zamansa ya daidaita a kan sirdi kafin a ƙara masa.

Titunanmu ma ba irin waɗanda aka ƙera motocin nan dominsu ba ne. Hanyar filin jirgin sama ta Abuja da ta Kubwa suna da faɗi da santsin da ke kiran ƙafa ta taka, amma mutane na tsallaka su a ƙasa. A hanyar Kaduna zuwa Kano, ko ta Maraɗi zuwa Zinder, kana raba kwalta da shanu, da amalanke, da ɗan acaɓa mara fitilar baya, da tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a maimakon alama, da kuma wanda ya biyo hannun da ba nasa ba saboda ana gyaran ɗaya ɓangaren. Ga yashin da iska ke shimfiɗawa a kwana, ga ruwan farkon damina da ke taso da mai da ƙurar da suka kwanta duk rani. Da yawan Mercedes da BMW da Charger da ƙafar baya suke tura kansu. Idan aka taka totur da ƙarfi a kwana mai yashi, bayan motar ne ke zamewa ya nemi wuce gabanta, sabon direba kuwa abin da zai fara yi shi ne fizgar sitiyari ko danna birki, wanda sau da yawa ke ƙarasa juyin.

Wannan zamewar ita ce ainihin abin da samari ke nema da gangan a wasan mota na ranar ɗaurin aure da bikin Sallah. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallo ya san yadda ake yi: a samu shataletale ko fili, jama'a su yi da'ira, mota ta shigo tana juyi, hayaƙin taya na tashi, wani ya fito rabin jikinsa ta taga, yara ƙanana na matsowa gaba don su fi gani. Kusa da sitiyari ko giya a motocin zamani akwai wani maɓalli mai hoton mota da karkatattun layuka biyu a bayanta. Shi ne ke kashe na'urar da ke hana mota zamewa, kuma shi ake fara dannawa kafin a shiga fili, domin in tana kunne ba za ta bari motar ta juya yadda ake so ba. Uban da ya shiga motar ɗansa ya ga wannan alama a kunne a dashbod, to ya samu amsar tambayar da bai yi ba. Haka idan tayoyin baya sun cinye cikin wata uku alhali na gaba na nan da zanensu.

Iyaye na da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Wani zai ce babbar mota ta fi kare wanda ke ciki idan an yi karo. Gaskiya ne, nauyi da faɗin jiki na taimakawa, kuma cibiyar IIHS kanta tana ba iyaye shawarar su guji 'yan mitsi-mitsin motoci. Amma a shawarar tata guda ta ce a guji inji mai ƙarfi. Girman jiki daban, ƙarfin inji daban. Camry mai fulogi huɗu da mai shida jikinsu ɗaya ne, sai dai ɗaya ta fi ɗaya da kimanin doki ɗari. Manyan jif masu tsayi kuma, musamman tsofaffi, sun fi saurin kifewa idan an fizgi sitiyari. Wani zai ce ƙarfi na ceto wajen shan gaban tirela. Ga gogaggen direba, wani lokaci haka ne. Ga sabo kuwa, ƙarfin ne ke ba shi ƙwarin gwiwar shiga inda da ƙaramar mota ce da ya haƙura ya jira.

Sai babbar hujja, wadda ke rufe baki: ajali in ya zo ko a kan gado ne sai an tafi. Babu musulmin da ke jayayya da wannan. Amma malamai ba su taɓa ɗaukar ƙaddara a matsayin abin da ke ɗauke alhaki ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba na ɗaukar nauyin ɓarnar da ya jawo wa rai ko dukiya. Kisan kuskure na da diyya, wadda a fiƙihu dangin wanda ya yi kisan ke haɗuwa su biya, ga kaffarar azumin wata biyu a jere. A dokar ƙasa kuma, wanda ya kashe mutum ta hanyar tuƙin ganganci na iya shan ɗaurin da ya kai shekara bakwai. Ni a ganina wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa. Idan ana maganar mota da yaro, iyaye ɗansu kawai suke hangowa a kan gadon asibiti. Alhali shi yana cikin ƙarfe, ga bel, ga jakunkunan iska. Wanda ba shi da komai shi ne mai tallan rake a bakin titi, da almajiri, da matar da ke goye da jariri a bayan babur. Yaro ɗan shekara 18 da ya kashe mutum, ko an sasanta, ko an yafe, ko an biya, zai rayu da abin har tsufansa.

To wace mota? Kada kuma a faɗa ɗaya ramin, a ba shi tsohuwar akwalar da aka gaji da ita a gida bisa tunanin cewa ko ya buga ba asara. Motar da ta dace ita ce matsakaiciya a jiki, mai fulogi huɗu, mara burgewa, amma da kayan kariyarta cikakku. Ta farko a cikinsu ita ce na'urar hana zamewa da na ambata. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Mercedes ESP. Tana lura idan mota ta fara barin inda sitiyari ya nufa, sai ta taka birkin ƙafa ɗaya ta dawo da ita kafin direba ya ankara. Bincike a Amurka ya nuna tana rage haɗarin mutuwa a haɗurran da mota ɗaya ke yi ita kaɗai da kusan rabi, shi ya sa aka wajabta ta a can daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma daga 2014.

Da yake yawancinmu tokumbo muke saya, akwai binciken da bai kamata a bar wa dillali ba. Da yawan motocin nan daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari a Amurka ake sayo su, a gyara jiki a fesa fenti. Jakar iskar da ta fashe tana da tsada, don haka wasu sai su liƙe murfin sitiyarin babu komai a ciki, su cire ƙwan fitilar gargaɗi daga dashbod. Gwajin mai sauƙi ne. Ka murza mukulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kalli dashbod: ya kamata fitilar jakar iska da ta birkin ABS su kama, su yi 'yan sakanni, sannan su mutu. Idan ba su kama ba sam, ba lafiya ba ce, an taɓa su. A jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba akwai lambar mota mai haruffa da lambobi 17; da ita ake duba tarihin motar a intanet, wani lokaci har da hotunanta ranar da aka yi gwanjonta. Sai taya. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi ta a sati na 23 na 2018, komai kyan zanenta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu, zafin kwaltarmu a watan Afrilu kuwa ba ya ragawa tsohuwar roba.

Wasu kamfanoni sun yi wa iyaye tanadi. Ford na da MyKey tun wajen 2009, mukulli na biyu da uba zai saita don motar kada ta wuce wani gudu, rediyo kuma ya ƙi tashi sai an ɗaura bel. Chevrolet na da makamancinsa tun Malibu ta 2016, Volvo kuma ta ƙayyade duk sababbin motocinta a 180 tun 2020. Idan motar ba ta da irin wannan, na'urar ƙayyade gudu da aka wajabta wa motocin haya a Najeriya ana iya sa ta a motar gida, haka na'urar bin sawu da mutane ke sawa saboda ɓarayi tana nuna gudu da inda aka je. Shawarata a gaya wa yaron an sa. Idan ya gano da kansa, zai nemi bakanike ya cire, kuma yarda ta tafi.

Sauran kuma sharuɗɗa ne na baka, waɗanda ya fi kyau a gindaya su kafin a miƙa mukulli, don bayan an miƙa sun zama roƙo. Watanni shida na farko babu tuƙin dare, babu ɗaukar abokai, babu fita gari sai da babba a gefe. Bel ga kowa, har na baya, domin yana rage haɗarin mutuwar wanda ke gaba da kusan rabi, wanda bai ɗaura ba a baya kuwa shi ne ke faɗowa kan na gaba. Waya a aljihu. Ba a ara wa aboki mota, ko da na minti biyar ne. Mukulli ya kwana a ɗakin uba. Sannan uban ya riƙa zama a gefe yana barin yaron ya tuƙa shi, da rana da dare, cikin ruwa da cikin hazo, a cunkoson Kantin Kwari da kuma a buɗaɗɗiyar hanya, yana faɗa masa abin da shi yake hangowa kafin ya faru. Wannan ya fi kowace na'ura, sai dai yana cin lokaci, wanda shi ne abin da masu sayen irin motocin nan suka fi ƙarancinsa. Kuma uban da ke gudun 150 yana amsa waya, bel a bayansa, ya riga ya gama koyar da ɗansa tun yana kujerar baya. Akwai sharaɗi ɗaya da ya shafi iyayen su kansu: su yi wa yaro alkawarin cewa duk lokacin da ya gaji, ko ya goga mota, ko ya ga abokin da zai tuƙa su ba ya cikin hayyacinsa, ya kira a zo a ɗauke shi, faɗa kuma sai da safe. Yaron da ke tsoron abin da zai tarar a gida shi ne ke gudu daga inda ya buge mutum. A sa masa lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, a wayarsa.

Idan kuma an riga an saya, an ɗauki bidiyo, dangi sun yi barka, ba sai an sayar ba. A yi musaya: Alhaji ko direban gida ya riƙe mai ƙarfin, yaron ya ɗauki ƙaramar da ake kai yara makaranta da ita, a gaya masa ƙarara cewa tasa ce, takardu ma da sunansa, amma sai ya yi shekara ɗaya ko biyu ba a ji wani labari ba kafin ya fita da ita shi kaɗai. Kafin nan zai iya tuƙa ta duk ranar da babba ke gefe. Zai kumbura fuska, zai kai ƙara wurin Umma ko wurin kaka, don haka ya kamata a sanar da su tun da wuri, su san amsar da za su ba shi. A kuma ja kunnen maigadi da direba, domin yawancin fitar sata da dare da saninsu ake buɗe get.